Ƙwai Huɗu a Hanyar Mota

Motar ta riga ta karyo kwana lokacin da Marlis ta fito sanye da silifas ta tsaya a tsakiyar hanya. Direban ya taka birki ya leƙo.

"Baiwar Allah, lafiya? Gadon asibiti na zo ɗauka. Nan ne gidan marigayi Vern?"

"Nan ne. Amma mota ba za ta wuce ba."

Ta nuna masa da baki. Cikin tsakuwar hanyar, daidai inda taya ke bi, ƙwai huɗu ne masu ɗige-ɗige. Uwarsu, tsuntsuwar da ake kira kildiya, ta koma gefe tana jan fiffike kamar ya karye.

"Ai ta ji ciwo," in ji direban.

"Ƙarya take. So take ka bi ta ka bar ƙwan."

Mijinta Vern ne ya koya mata wannan. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka juya gadon ya fuskanci taga, ya wuni da madubin hangen nesa yana ba ta labarin wanda ke kwanci a kan ƙwan, mijin tsuntsuwar ko matar. Ita kuwa sai ta ce to. Ranar jana'iza ma to ɗin ta yi ta cewa, ko ɗigon hawaye babu, har abin ya fara ba ta kunya.

Yayarta Darlin ta fito tana goge hannu.

"Marlis, don Allah! Kwashe su ki ajiye a ciyawa mana. Mutum ya taho tun daga birnin Omaha."

"In aka matsar da su ba za ta koma ba, Yaya."

"To ki zauna da gadon mamaci a falo saboda tsuntsuwa!"

Direban ya dubi taɓon da ke gefen hanya, ya dubi nisan gidan, ya sosa ƙeya.

"Yaushe za su ƙyanƙyashe?"

"Vern ne ya sani," in ji Marlis.

Motar ta ja da baya ta tafi.

Marlis ta shiga falo ta zauna a bakin gadon. Madubin yana nan a kan taga. Ta ɗauka ta kanga a ido, komai ya yi dishi-dishi, don daidai da idon Vern aka saita shi. Yatsanta ya kai kan abin murzawa, ya tsaya.

Haka ta ci gaba da kallo, ba ta murza ba.