Hannun Nino

Shekara ashirin da shida rabon Zakarun Santa Rufina da ɗaukar kofin besbol na ƙasa, kuma a duk shekarun nan Don Eulogio Polanco bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba. Mai aski ne, Don ɗin kuwa laƙabin girmamawa ne a garin. Shagonsa na bayan kasuwar kifi, kujera biyu da madubi mai tsaga, ga teburin domino a ƙofa inda tsofaffin ma'aikatan kamfanin sukari ke yini. Duk wanda ya hau kujerarsa sai ya ji yadda ya kamata a jera 'yan wasa kafin a gama masa aski, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Bana kuwa abin ya zo da sauyi. Zakaru suka samu shiga wasannin ƙarshe, inda za su kara da ƙungiyar babban birni, masu yi wa Zakaru ba'a da sunan Kaji, kuma wanda ya riga cin wasa huɗu shi ke da kofi. Dokar gasa ta ba su damar ɗauko ɗan wasa ɗaya daga ƙungiyoyin da aka riga aka fitar, amma sai sun cire nasu guda. Kowa ya san wanda za a ɗauko, wani matashin mai jifa ne da ake kira Wilkin, wanda ƙwallonsa ke wuce mai sanda kafin ya ƙifta ido. Wanda za a cire shi ne ya raba garin biyu.

Sunan da ake faɗa a ƙasa-ƙasa shi ne Nino Arache. Shekararsa talatin da tara, goma sha bakwai daga ciki a rigar Zakaru. Shi ake kira a zagaye na tara, na ƙarshe, ya rufe wasa in ana kan gaba. A sati biyun da suka wuce sau biyu ana miƙa masa wasa a hannu yana ɓarar da shi. Sai dai ɗan gari ne. Ubansa Teófilo tare suka yi saran rake da Eulogio suna samari, kuma Eulogio ne ya riƙe Nino a coci ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa har gobe Nino ke kiransa Padrino, wato uban baftisma, shi da Teófilo kuma suke kiran juna Compadre.

Ranar Litinin da safe Eulogio na yi wa Chucho ɗan acaɓa aski, rediyo na kan shirin wasanni da ake bugo waya. Wani ya bugo yana cewa ai cire Nino butulci ne.

Chucho ya ce, "Ka ji mai hankali. Don Eulogio, yau dai bakinka ya mutu ko? An zo kan ɗan gida."

Eulogio ya ce, "Gyara kanka kar in yanke maka kunne."

"Bara ka ce a kori koci, aka kora. Ka ce a sayar da mai tsaron gida na biyu. Yau da aka zo kan yaronka sai ka koma kurma. Ashe ilimin naka na 'ya'yan wasu ne."

Masu domino suka kwashe da dariya. Teófilo bai iso ba tukuna, sai ƙarfe goma yake zuwa. Eulogio ya ajiye almakashi, ya ɗauki waya. Mai shirin ya san muryarsa, nan take ya sa shi a layi.

Eulogio ya ce, "Ni na san Nino tun yana cikin zanen goyo, ba wanda zai gaya mini ƙaunarsa. Amma kofi muke nema, ba bikin suna ba. Hannun Nino ya riga shi ritaya. Hannun yana gida yana shan iska, Nino ne kawai bai samu labari ba."

Mai shirin ya yi dariya har da tari, ya ce a maimaita masa. Eulogio ya maimaita. Chucho ya buga cinya, masu domino suka tafa, shi kuma ya ji daɗin da mutum ke ji in magana ta fito masa daidai. Da goma ta yi ya leƙa ƙofa. Kujerar Teófilo ba kowa. Har aka tashi ba ta samu mai zama ba.

Ranar Laraba da la'asar aka buga wasan da ya rage na matakin baya na gasar, wasan da ba zai canza komai ba. Eulogio ya rufe shago ya tafi fili. Tun daga ƙofa ya ga kwalaye a hannun samari, an rubuta maganarsa da baƙin fenti. Wani ma ya zana hannu a kwance kan kujerar lilo da hular kaba. A zagaye na tara koci ya kira Nino. Yana fitowa gefen hagu na filin ya ɗauki waƙa, ana buga ganga: "Hannu ya tafi gida, Nino bi shi! Hannu ya tafi gida, Nino bi shi!" Kafin ya kai tsakiyar fili kusan kowa ya kama.

Eulogio ya hango Teófilo a inda ya saba zama, layi na uku bayan mai cafke ƙwallo. Tsohon bai juya ba, bai toshe kunne ba, yana zaune da hularsa a gwiwa yana kallon ɗansa. Nino ya fitar da masu sanda biyu, na uku ya doka ƙwallon ta haye katanga. Aka yi ihu kamar abokan gaba ne aka ci. Washegari ƙungiya ta fitar da sanarwa mai layi uku, an cire Nino Arache, an sa Wilkin.

Ranar Asabar da hantsi, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, Nino ya shigo shagon. Masu domino suka dakata da wasa, ƙwayoyin a hannunsu. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya hau kujera.

"Kamar kullum," ya ce.

Eulogio ya yafa masa ƙyalle. Ya ɗaure igiyar, ya ɗauki almakashi. Sai da ya yi aski kusan rabi sannan ya yi magana.

"Nino, ka san bakina. Magana ce ta rediyo."

"Na sani."

"Ban ce su yi maka waƙa ba."

"Ba ka ce ba." Nino na kallon madubi, ba ya kallonsa. "Kuma ba ƙarya ka yi ba. Hannun ya gama. Ina kwana da ƙanƙara a kafaɗa tun watan Nuwamba, ba na iya ɗaga tukunyar shinkafa da shi. Ni da kaina na je na gaya wa koci wata guda da ya wuce."

Eulogio ya tsayar da almakashi.

Nino ya ci gaba, "Mun gama magana da koci. Wani za a cire, ɗan benci da bai buga ko sau biyar ba. Ni in zauna a jerin, ba zan rufe wasa ba, Wilkin zai rufe. In an samu wasan da aka yi nisa a gaba, a nan gida, a sa ni in fitar da mutum ɗaya, in ɗaga hula, in tafi. Abin da na roƙa ke nan. Baba ma ya sa an goge masa farar rigarsa."

"To me ya hana?"

"Ranar Alhamis mai ƙungiya ya kira koci. Ya ce ba zai shiga wasan kofi da ɗan wasan da mutanensa ke yi wa waƙa ba, wai zai ɓata wa sauran rai. Shi ke nan."

Eulogio ya ce, "Da ka gaya mini. Da ka zo nan ka ce, Padrino, ga abin da ake ciki."

"In gaya maka don ka yi shiru? Na ɗauka ba sai na roƙa ba."

Chucho, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya zame ya hau babur ɗinsa ya tafi. Eulogio ya ƙarasa askin, ya gyara gefen kunne, ya shafa masa turare a ƙeya. Nino ya duba hagu da dama a madubi, ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Ya yi kyau. Na gode, Don Eulogio."

Da yamma Eulogio ya tafi gidan Teófilo da kwalbar giya a takarda. Ya same shi a baranda yana ɓare wake. Tsohon ya nuna masa kujera, ya sa aka kawo masa kofi mai zafi, ya tambaye shi lafiyar ƙafarsa. Da Eulogio ya fara bayani sai ya ɗaga hannu.

"Compadre, kai fa ka fi kowa sanin wasa a garin nan. Kowa ya shaida. Sha kofinka."

Bai buɗe kwalbar ba. Da Eulogio zai tafi ya miƙo masa ita, ya ce likita ya hana shi.

Aka fara wasannin kofi. Zakaru suka ci na farko, aka cinye su biyu a jere, suka rama. A shago gardama ta koma kan ko ya kamata koci ya riƙa sa Wilkin tun zagaye na takwas, da wa zai fara jifa a wasa na biyar. Kowa ya shigo sai ya ce a tambayi Farfesa, sunan da mai shirin rediyo ya laƙaba wa Eulogio. Yakan ba da amsa, don bai iya rashin ba da amsa ba. Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. A wasa na biyar, da Wilkin ya fito, ya kama kansa yana fatan a doke yaron, a ci Zakaru, ƙungiyar da ya bi tun yana ɗan shekara tara. Da an yi haka sai gari ya zage shi, shi kuma ya samu abin da zai riƙa ya koma gidan Teófilo, ya ce na yi kuskure. Wilkin ya fitar da mutum uku da jifa goma sha ɗaya.

Wasa na bakwai ya faɗo ranar Lahadi da rana, a gida. Zakaru na gaba da ci ɗaya a zagaye na tara, abokan gaba na da mutum biyu a kan hanyar cin maki, saura a fitar da ɗaya. Wilkin ya jefa uku, mai sanda ya kai wa iska duka sau uku. Filin ya fashe. Wata mata da Eulogio bai taɓa gani ba ta rungume shi tana kuka, aka watsa masa giya a ka. Kafin ya ankara samari sun ɗaga shi sama suna "Farfesa! Farfesa!", suka zagaya da shi har bakin titi, takalminsa ɗaya ya faɗi a hanya. Daga can sama ya duba layi na uku. Wasu baƙi ne a wurin suna ɗaukar hoto.

Kwana uku garin na biki. Aka dafa naman akuya a kan titi, 'yan acaɓa suka yi jerin gwano, aka zagaya da kofi a bayan motar ɗaukar rake. Da ake kiran sunayen 'yan wasa a dandali ba a kira Nino ba, tunda ba ya cikin jerin. Aka ce ranar yana bayan gari, wajen gonar surukinsa, yana gyaran shinge. A watan Maris ya samu aikin koya wa masu jifa a wata ƙaramar ƙungiya a arewa, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Teófilo ya koma buga domino a kantin da ke gaban coci. In sun haɗu da Eulogio a hanya yakan ɗaga hula, ya tambayi lafiya, ya wuce.

Sati biyu bayan bikin mai shirin rediyo ya zo shagon da kansa, da sabuwar hular Zakaru a leda.

"Farfesa, muna so ka riƙa zuwa duk Litinin, rabin awa. Mutane na son mai faɗar gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Kai da ba ka bar naka ba, wa za ka bari?"

Eulogio ya daɗe yana kaɗe gashi daga kujera. Ya so ya ce a'a. Ya duba ƙofa, masu domino duk sun zuba masa ido, Chucho na washe baki. Tun da aka ci kofi shagon bai taɓa cika haka ba, kuma in ya rufe da yamma ba gidan da yake zuwa sai nasa.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

Litinin ta farko aka zaunar da shi gaban makirufo, aka ba shi ruwa a kofin roba. Mai shirin ya ce sabuwar kakar wasa na tafe, ga mai tsaron gida na uku ya fara tsufa, gwiwarsa na ciwo, me Farfesa ya gani? Eulogio ya san mutumin, ya san uwarsa mai sayar da soyayyar ayaba a tasha. Mai shirin ya fara juya masa yatsa, alamar lokaci na tafiya. Maganar kuwa ta riga ta zo masa, gajeriya, mai kaifi, irin wadda ake rubutawa a kwali. Ya matso da bakinsa ya faɗe ta.