Hantar Ragon Mahamadu

Wajen miƙa ƙwaryar kunu ne Hajara ta ga faratan. Lallen da aka ƙunsa wa Zuliha tun kafin haihuwa ya ja baya, inda sabon farce ya fito kuwa fari ne fat kamar ɓawon ƙwai. Ta kawar da ido, ta ce kunun da zafi, a bari ya huce.

Zuliha ɗiyarta ce ta fari. Tun da ta haife ta a Karakara ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗora ta a cinya gaban mutane ba. Kaka ce ta yi goyonta. In maganarta ta kama, sai Hajara ta ce "yarinyar nan", kuma duk garin an shaida ita mace ce mai kunya. Ko zuwan nan Gaya, da ƙanwar Hajara na da rai ita za a turo. Amma saƙo ya zo a motar kasuwa cewa an sauka, an sami mace, jini kuwa ya zuba da yawa, sai ta ɗaure ƙullin kayanta.

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba aka kawo wa gidan likitan garin wata ungozoma ƴar Dahome, kowa na ce mata Madam. Da hantsi ta shigo ɗakin jego, ta ja fatar idon Zuliha ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Jini babu," ta ce da Hausarta mai gauraye da Dandanci, yaren mutanen yankin. "Allura ta tsai da zuba, amma ba ta maido wanda ya tafi. Ku ba ta hanta. Hanta da jan nama da romo, yau, ba gobe ba." Ta leƙa tsakar gida. "Ga magani can a ɗaure."

Rago ne Uda, gabansa ja, bayansa fari, leɓensa ya yi kore da ciyawa. Hajara ta yi kiwon tumaki tun tana budurwa, kallo ɗaya ta san irinsa. Ragon da aka turke kan dusa kitse yake tarawa, fari, mai daskarewa a baki. Wannan kuwa ɗanyar ciyawar burgu ta bakin kogi ya sani. Namansa zai yi ja wur, hantarsa ta yi duhu da nauyi, irin wadda mai jego ke ci ta ji ƙafafunta sun dawo. Mahamadu, mijin Zuliha, shi ya rene shi tun yana ɗan ƙarami. Kullum sai ya shiga kwale-kwale ya yanko masa burgu a tsibiri. Haihuwa biyu Zuliha ta yi a baya, ba wanda ya kai ranar suna, shi ya sa Mahamadu bai taɓa kayar da ragon suna a ƙofar gidansa ba.

Madam na fita, Fatuma yayar Mahamadu ta tafa hannu.

"Ikon Allah! A yanka ragon suna kafin suna? To ranar a yanka me, agwagwa? Wannan Madam da ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ita za ta koya mana jego? Inna, ke ma kin sani, kowace mai jego fari take yi. Ni da na haifi Isa kamar an tono ni daga kabari nake. Kunun kanwa da ruwan zafi suka tashe ni."

"Haka ne," in ji Hajara.

"Ga kifi nan," Fatuma ta ci gaba, "kogi bai ƙafe ba. Mahauta kuwa ba sa yanka sai ranar kasuwa, tun da Fulani suka yi arewa da dabbobi. Kasuwa ta zo, a saya mata tsoka."

Kasuwa ta riga ta ci, wata kuma sai bayan suna. Hajara ta san haka sarai. Uwa ta buɗe baki a gidan surukai ta ce a kayar da rago don ɗiyarta ta fari? Kafin ta koma Karakara labarin ya riga ta isa.

Mahamadu ba ya shiga ɗakin jego. Yakan tsaya bayan zana, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, an tashi lafiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Fatuma.

"Da sauƙi," Hajara ta maimaita, fuskarta a bango.

In suka yi kiciɓis a tsakar gida, sai ya sunkuyar da kai ya bi ta bayan rumbu, ita kuma ta ja mayafi. Haka ya kamata tsakanin suruki da suruka, kuma duka biyun ba mai aibu a cikinsu.

Zuliha ba ta iya cin kifin, ƙarninsa tayar mata da zuciya yake. Ana wankan ganye ta sulale a gindin tukunya, sai da aka ɗauko ta. Ta daina zama don ba da nono, sai a kwantar mata da jaririyar a gefe. Jijiyar wuyanta na bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako. Wani lokaci takan bi uwarta da ido daga ƙofa zuwa murhu, ba ta roƙi komai ba. Ita ma an koya mata.

Wata safiya Hajara na shara kusa da turke Mahamadu ya shigo da damin burgu yana ɗigar da ruwa. Ba hanyar gudu, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ta buɗe baki za ta faɗa masa. Sai ta juya wajen ragon.

"Kai kam ka ci ka ƙoshi," ta ce. "Jini ya cika ka."

"Albarkarku ce, Inna," Mahamadu ya ce, murna ta cika masa murya. Ya zube ciyawar ya fita.

Ana gobe suna gida ya cika da mata, ana daka, ana tankaɗe, wata na waƙa da Zabarmanci. Hajara ta shiga da kunu ta tarar Zuliha na numfashi da baki, leɓɓanta sun yi launin toka. Ta taɓa ƙafarta, sanyi ƙalau, da rana tsaka.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ratsa tsakanin masu daka ba mayafi, ta fita har ƙofar gida inda maza ke kafa rumfa. Mahamadu na saman turmi yana ɗaure itacen rumfar da igiya.

"Mahamadu."

Igiyar ta suɓuce masa.

"Zuliha za ta mutu. Madam ta ce a ba ta hanta tun ranar da na zo. Ka yanka ragon nan."

Ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Tun ranar da kika zo? Inna, kullum ina tambaya. Kullum ce mini ake da sauƙi." Ya diro daga turmin. "Rago? Don rago? Wallahi da an faɗa mini, a ranar zan kayar da shi."

Bai jira liman ba. Ya karɓi wuƙa a hannun maƙwabci, aka danne ragon kan ciyawar da bai gama ci ba. Hantar ta fito yadda Hajara ta san za ta fito, mai duhu, mai sheƙi, ba tabo ko ɗaya. Da hannunta ta gasa ta, ta yayyanka ƙanana, ta tallafo kan Zuliha ta ɗora a cinya. Matan da suka cika ƙofa suna kallo.

"Zuliha, buɗe baki. Zuliha."

Idanun suka buɗe a hankali.

"Inna, ashe kin san sunana," ta ce, tana so ta yi dariya.

Ta karɓi yanka ɗaya, ta tauna, ta tauna, ya ƙi wucewa. Hajara ta ɗiga mata romo, ya gangaro ta gefen baki. Kafin la'asar an rufe ta da zane.

Washegari a rumfar da aka kafa don suna aka zauna karɓar gaisuwa. Liman ya raɗa wa jaririyar sunan uwarta, ba guɗa, ba maroƙi. Fatuma, da take shayar da nata ɗan, ta goya ta, idanunta sun kumbura, ba ta yarda sun haɗa ido da kowa ba. Naman ragon aka dafa wa baƙi, ƙamshinsa ya cika unguwa.

Hajara na zaune a kusurwar ɗaki, ido a bushe. Wata tsohuwa daga garin Bengu ta ajiye mata akushi, jan nama a saman tuwo, ta zauna kusa da ita tana wa na gefe magana ƙasa-ƙasa.

"Kun ga mutanen da. Ɗiyar fari, amma ko hawaye babu. Jiya an ce ta ɗan yi suɓutar baki, to wa zai ga laifinta? Kunya dai ta gaje ta."

"Ta gaje ta," matan suka amsa.

Hajara ta dubi naman. Ta jawo faifai ta rufe akushin, ta tura shi gefe. Ƙullin kayanta na nan bayan ƙofa, ko kwance shi sosai ba ta yi ba. Ta ɗora shi a ka. A tsakar gida turken na tsaye, igiya a ƙasa, ragowar burgu ta soma yaushi. Mahamadu na bakin rumfa, ya gan ta, ya soma cire takalmi. Ta bi ta bayan rumbu, ta kama hanyar tasha.