Ɗigon Ruwan Hawa na Goma Sha Biyar

Kowace safiya, ƙarfe shida da rabi daidai, ruwa kan ɗigo daga barandar sama ya sauka a kan ƙarfen barandar Noelene Harbeck. Ɗis, ɗis, kamar na minti biyar, sannan ya ɗauke. A watanta na farko a ginin abin ya ba ta haushi, har ta ɗauko takardar kai ƙara wurin kwamitin masu gidaje ta cike rabi. Sai ta ajiye biron. Wanda zai tashi da sassafe ya ba shukarsa ruwa, a unguwar da ba a kwanciya sai gari ya waye, ba mutumin kai wa ƙara ba ne.

Ba ta taɓa ganinsa ba. In ta leƙa sama, reshen wani jan fure kawai take gani yana lilo. Amma ta riga ta yanke cewa tsoho ne, kuma matarsa ta rasu, don namiji ne kaɗai ke ba fure ruwa kamar yana shayar da shanu. Takan fito da kofin shayinta ta jira. Da ɗigon ya fara sai ta ce, "Ina kwana, maƙwabci," a hankali, kada ya ji ya ɗauka ta zare.

Shekara arba'in ta yi a gonar tumaki can bayan Longreach. Da mijinta ya rasu, ɗanta Brodie ya sayar da gonar ya kawo ta birni, unguwar Fortitude Valley, wai kusa da asibiti, kusa da shi. Shi kuwa a mahaƙar kwal yake aiki, sati biyu can, sati ɗaya nan, satin nan ɗin ma rabinsa barci ne. Ginin yana da ƙofa ɗari uku, da wurin iyo a saman rufi, ƙasansa kuma mashaya ce ke jingine da mashaya. Kowa an ba shi kati, kuma katin ba ya kai lif ko'ina sai hawan mai shi. Tsaro suke kiran wannan. An tara mutane sun fi na wani gari yawa, an kulle kowa a layinsa kamar kaji, kuma har alfahari ake da shi a takardar talla.

Ran Alhamis ruwa bai ɗigo ba. Ta tsaya har shayin ya huce.

Ran Juma'a ma haka. Sai ta sauka wurin Sione, manajan ginin, wani ƙaton mutumin tsibirin Tonga mai sanyin murya.

"Mutumin da ke samana, ɗaki na takwas, kwana biyu bai ba furensa ruwa ba."

"To Anti, ai kin huta da jiƙa."

"Ba wasa na zo yi ba, ɗan nan. Wane ne a ciki?"

"Ba ni da ikon faɗa. Ko a kanki aka zo tambaya ba zan faɗa ba."

"To hau ka ƙwanƙwasa."

"In na ƙwanƙwasa wa duk wanda furensa ya bushe a ginin nan, sai hannuna ya kumbura. Wataƙila ya tafi bakin teku. Rubuta wa kwamiti, suna zama ƙarshen wata."

A can gida, ƙarfe bakwai na safe matan gonaki ke kunna oba-oba, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka kira sau biyu ba ta amsa ba, ba a tsayawa shawara, wani zai tayar da mota ya yi tafiyar kilomita tamanin a kan jar ƙasa. Haka aka tsinci tsohuwa Beryl a bayan rumbun ulu da karyayyen ƙugu, tana zagin kare. Nan kuwa tsakaninta da mutumin bai fi tsawon mutum biyu ba, an ce ta jira ƙarshen wata.

Ran Asabar ta kira Brodie.

"Mama, birni ne fa. Ba a shiga harkar mutane."

"In ni ce a kwance a ƙasa fa?"

"Ai shi ya sa na saya miki agogon nan mai maɓallin kiran taimako. Kina ɗaurawa kuwa?"

"Yana cikin durowa, yana hutawa."

"Mama, don Allah."

Safiyar Lahadi ta leƙa ta ga jan furen ya sunkuyar da kai, ganyen ya naɗe. Kwana huɗu ke nan. Ta san abin da kwana huɗu ke yi wa tsohon da ya faɗi a banɗaki babu ruwan sha. Ta sa takalminta, ta tura ƙofar matakalar gudun gobara da ke ƙarshen layinsu. Zumunci a ƙafa yake, kuma hawa ɗaya ne tak.

Ƙofar ta rufe a bayanta da wani ɗan ƙara. Ta hau, ta kama mariƙin ƙofar hawa na goma sha biyar, ya ƙi motsi. Ta buga da tafin hannu, ta kira, muryarta ta gangara cikin siminti ta dawo mata. Ta koma tata ƙofar, ita ma gam. Sai a lokacin ta karanta jan rubutun da ke bango: ƙofofin nan daga ciki ba sa buɗewa, mafita tana ƙasa.

Hawa goma sha huɗu ta sauka da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa. Tana zama, tana tashi. A kowane hawa ta buga ƙofa, ba don tana sa rai ba. Ta fito ta lungun baya, cikin tulin kwalabe da warin giyar jiya, tantabaru na tsattsagar ragowar dankali. Nan Sione ya same ta zaune a kan wani akwati.

"Anti, me ya fito da ke ta nan?"

"Zan kira 'yan sanda su fasa ƙofar. Na faɗa maka ne don kada ka ce ban faɗa ba."

"Kakata ma haka take," ya ce. "Bari in kira dillalin gidan. In ya yarda, mu hau. Amma a bayana za ki tsaya."

Katinsa ya kai su. Layin sak irin nata, har hoton da ke bango. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya sa makulli. Noelene ta riƙe numfashi, don hanci ke fara sanin irin wannan labari.

Ba warin komai sai na sabon fenti. Kujeru na cikin ledarsu. Firjin a buɗe, a kashe. Babu takalmi a bakin ƙofa, babu kofi, babu ko ƙusa a bango. A baranda tukwanen fure shida ne a jere, siririn tiyo ya bi ta kansu zuwa famfo, a bakin famfon kuma wani ɗan akwatin roba mai fuskar agogo.

Sione ya tsuguna ya buɗe shi. "Wannan ne ke sakin ruwa kowace safiya. Batir ne ya mutu."

"Mai gidan fa?"

"Bai taɓa kwana a nan ba, Anti. Ya saya ya ajiye ne, sai ya yi tsada ya sayar. Furen don masu zuwa dubawa ne." Ya sosa ƙeya. "Irinsa sun kai arba'in a ginin nan."

"Ka sani tun ran Juma'a."

"Na san ba a ba da haya ba. Ban san ko ya ba wani makulli ba. Kuma an hana ni faɗa."

Ta tsaya a inda take zaton tsohon ke tsayawa. Ta leƙa ƙasa, ta hango gefen barandarta da kujerarta guda ɗaya. Wata bakwai tana gaida famfo.

"Ina da batir a ofis," in ji Sione. "In sa? Gobe da safe ɗigon ya dawo miki."

"A'a." Ta cika wani bokiti ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, don furen ba su yi laifin komai ba. "Ka faɗa wa dillalin ya zo ya kula da kayansa."

A cikin lif ta ce, "A layina, ƙofa nawa ke da mutum?"

"Anti."

"Na sani. An hana ka."

Lif ɗin ya tsaya a hawa na goma sha huɗu. Ƙofa goma sha biyu ne, duk a rufe, tata ce ta takwas. Ta wuce ta tana ɗingishi har farkon layin, ta gyara rigarta, ta ƙwanƙwasa ta ɗaya. Ta ƙirga har ashirin. Sannan ta matsa ta biyu.