Ƙofar Motar Malama Ruth

…kuma wai ƙofar ta bambanta. Ta bambanta da me? Bawa yana tsaye a tsakiyar garejinsu na Kalgo, hannu a ƙugu, yana ƙare wa motar kallo. Ruwan toka ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, daga gaba har baya. Launi ɗaya. Ɗaya tak!

Shekara talatin da ɗaya yana fentin mota. Har daga Jega ake kawo masa aiki. Shi ba ya duba lamba, ba ya buɗe littafi — gwangwanin madara, tsinke, sai ido. Ya ɗiga, ya juya, ya shafa a ɓallin kwano, ya jiƙa jikin motar da ruwa, ya kara ya gani. Haka ya yi wa wannan, sau… sau nawa ma? Shuɗin ya ƙi fitowa, ya ƙara. Ya ƙi, ya sake ƙarawa. Fentin zamani ne, duk ruwa, ba kamar na da ba.

Ita kuwa mai motar, Malama Ruth, da ke koyarwa a Gwandu, ko murya ba ta ɗagawa, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da masifa ta yi, da ya san ta inda zai ɓullo mata. Akori-kura mai albasa ta murƙushe mata ƙofar baya a mararrabar Maruda, ƙarfe ya lotse ba kyan gani, wa ya tashe shi in ba Bawa ba? Kwana huɗu ana bugu ana gogewa… "Baba, ni ba rigima nake so ba. Abokan aikina ne ke tambayata ko ƙofar aro na sa." Ƙofar aro! Aikin Bawa!

Ga Haliru, shugaban gareji, ya ce a yi yadda aka saba: a tsayar da mutum uku masu wucewa, waɗanda ba su san zancen ba, a ce su nuna inda aka yi sabon fenti. In sun kasa, mai mota ta haƙura. In sun nuna — to, an nuna, a gaban kowa. Wa ma ya kawo wannan tsari garejin nan? Shi. Shi Bawa da bakinsa, lokacin da yake wa masu fentin ganganci dariya.

Ɗan kabu-kabu ya nuna, ko injin bai kashe ba. To, wannan ya ji ana magana, tabbas ya ji. Hajjo mai kifi ta nuna da haɓa, tire a kai. Mata da son mata… ko ba haka ba? Sai wani dattijo daga Wurogauri, da tayar keke a kafaɗa, mutumin da ƙila bai taɓa riƙe sitiyari ba. Daga can tsallaken titi: "Wagga ta baya mana. Ai ta hi sauran shuɗi."

Ta fi sauran shuɗi…

Bawa ya matsa. Ya ja baya. Ya tsuguna, ya kare rana da tafin hannu. Ina shuɗin? Ya Allah, ina yake? — Matarsa Mairo ran Juma'a, tana dariya a bakin ɗaki, "Malam, hular nan shuɗiya ce, wace irin toka kuma?" Ya ce mata ta cika surutu. Da Alhajin nan na watan jiya, wanda ya daɗe yana kallon motarsa, ya yi godiya sama-sama, bai sake dawowa ba… Da zaren da ya ƙi shiga allura. Da… a'a. A'a.

Ba wanda ya yi dariya. Gara ma a yi dariyar. Haliru ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Baba, a sake haɗawa kawai. Malama za ta jira zuwa jibi."

A sake haɗawa. Ga gwangwani a hannunsa, ga tsinke, hannun ko rawa ba ya yi. Idon fa? Zai ɗiga, zai juya, zai kara a jikin motar — sannan fa? Duk garejin nan shi ake kira ya duba wa mutane launi. Shi wa zai kira?