Hannuwan Mai Haɗin Roba

Jobeda ta zura hannu ƙarƙashin katifar mijinta ta zaro wata ƙaramar kwalba, ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Mai ne fari a ciki, saura rabi.

"Wa ya ba ka wannan?"

 Mijin nata Mofiz yana kwance, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa. Ya dai juya su wajen maƙwabcinsa Shukkur Ali, wanda ke zaune a bakin gado yana taunar ganyen pan, wanda ake ci a nan kamar goro.

Duk unguwar Islambag ba wanda bai san Shukkur Ali ba. Shi ne mai haɗi a masana'antar silifa da ke bayan masallaci. Shi ke tuttula man laushi cikin garin roba, abin da ya kamata ya fito da tauri kamar ƙashi sai ya fito yana lanƙwasa a hannu. Bai taɓa zama a aji ba, amma da yatsu biyu yake gane mai na kirki. Ambaliya ta tafi da ɗakinsa ta bar shi. Gobara ta cinye masana'anta yana ciki, ya fito ko gemunsa bai ƙone ba. Yawancin sa'o'insa suna maƙabarta, shi kuwa har gobe yana hawa bene da buhu a kai. Saboda haka da gwiwoyin Mofiz suka sandare, ya kasa taka kekensa na ɗaukar fasinja, Shukkur ya ce abin da ke lausasa roba gwiwar mutum ba za ta gagare shi ba. Ya ɗebo masa daga duro.

"Shafawa na ce, Bhabi," in ji Shukkur, don haka yake kiranta, wato matar ɗan'uwa. "Shafawa kawai."

"Shafawar ce ta sa kofin shayinsa ke santsi?"

Shukkur ya karɓi kwalbar, ya murza man a yatsa, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. Ya ce shi fa tun da ɗan mai masana'anta ya fara sayo na arha bai yarda da durorin nan ba. Ya ce a duba ruwan kogin Buriganga da ake sha, a duba ƙwayoyin da mai kemis ya yi ta ɗura wa Mofiz. Har tukunyar miyar da ke kan murhu ya kalla ya daɗe, ya tambaya ko ƙanenta Harun ya daina zagaya keken nan da ido.  Jobeda ta amshe kwalbar ta ƙulle a gefen zanenta.

Can Mofiz ya motsa baki. "Bhai, ɗan'uwana, alkawarin nan fa."

Tun suna samari suka yi shi: wanda ya riga tafiya, ɗan'uwansa zai yi masa wanka.

"Ji rago," in ji Shukkur. "Tashi za ka yi, kai za ka wanke ni."

Washegari bayan la'asar kuka ya tashi a lungun. Shukkur ya sa farar riga, ya ɗauko bokiti da sabulu da kafur, ya ratsa mutane kai a sama. A bakin ɗakin muryar Jobeda ta tare shi daga bayan labule, ba ƙarfi a cikinta.

"Ba da waɗannan hannuwan ba."

Ya juya wajen liman, ya ce a gaya mata wasiyya ce, shi kuma kunnensa ya ji. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Harun ya matso ya zare bokitin daga hannunsa a hankali, ya shige.

Shukkur Ali ya tsaya kaɗan, sannan ya taka zuwa famfon lungu ya tsuguna. Ya ɗebi toka ya cuɗa tafukansa, ya cuɗa tsakanin yatsu, ya tara su a ƙarƙashin famfon. Ruwan ya yi ta taruwa ƙwaya-ƙwaya a kan fatar yana gangarewa. Ta bayan katangar langa-langa ana jin ƙarar moɗa tana taɓa bokiti.