Kifin Hajo Bai Isa Kwaleji Ba

"Ni ban ce ɓarawo ba ne, Auta. Kai ka faɗa da bakinka. Ni cewa na yi na ci tuwo a gidansa."

Hajo ta janye wayar daga kunne, ta bar ɗan nata yana ta zuba daga Legas, ta kori kazar da ke neman faɗawa shinkafar da aka shanya. Da ta ji ya tsaya shan iska sai ta mayar.

"Ka gama? Na san surukinka ne. Ai ba ni na zaɓo maka shi ba."

Tushen maganar Bushira ce, 'yar Autan, wadda ke hannun Hajo tun yaye. Yarinya ta yi digiri a kan kiwon kifi, ta yi bautar ƙasa, ta dawo ƙauyensu na gefen Guri ta zauna. Hajo takan ce ita ba ta taɓa jin an je makaranta neman sanin kifi ba, abin da ke zuwa har ƙofar ɗaki da ƙafarsa in ruwa ya cika. Amma ranar da rediyo ta ce wata kwaleji na neman malamai, har da gurbi ɗaya a fannin Bushira, ita ta fara cewa a tashi a nema.

Kafin a tashi sai ga Zarami, yayan uwar Bushira, mai aiki a siton kwalejin. Ya tsallako ruwa takanas, da babbar riga. Tun daga nan Hajo ta gyara zama. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ta waya yake yi.

"Inna, wannan cike-ciken na intanet duk iska ne," in ji shi. "Wa ke dubawa? Ta ba ni takardun, ni zan ɗora su a teburin shugaban sashe da hannuna. Kada ma ta wahalar da kanta zuwa Haɗeja, ruwa ya cinye hanya."

"Allah sarki, Allah ya bar zumunci. Ina ɗanka Muttaka? Na ji shi ma kifin ya karanta."

"Muttaka? Ai shi kasuwa ya sa a gaba."

"Madalla," in ji Hajo.

Ba ta musa masa ba. Ta sa Bushira ta ba shi kwafi, na ainihin ta tura su ƙasan adaka. Sannan ta zaɓo manyan tarwaɗa cikin waɗanda ta yi bandarsu da kanta, ta ƙulle su a buhu ɗaya da takardun, ta ce a kai wa shugaban sashe gaisuwar tsohuwa.

"Kaka, takarduna za su yi ƙarni fa!"

"Malamar kifi za ki zama, da turare kike so su je?"

A ƙasar nan duk wanda aka aika wa abu, ko goro ne, sai ya aiko da godiya. Wanda ya san ya kamata har ya nemi a haɗa shi da mai kyautar a waya. Hajo ta zuba kunne. Kasuwar Guri ta ci, ta sake ci, shiru kake ji. Ta ce ko dai wannan shugaban ba uwa ce ta rene shi ba, ko kuwa buhu bai ga ƙofarsa ba.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan Zarami. Hajo, wadda ta daɗe tana cewa ƙafa ta hana ta ko'ina, ta ce lallai da ita za a yi suna. Aka ɗora ta a kwale-kwale, aka kutsa cikin ciyawar kacala har bakin titi, ta hau mota sai Haɗeja.

A zaure ta tarar da Muttaka tsaye da alli, ya zana tafkin kifi a jikin bango yana yi wa tabarma bayani kamar malami a gaban aji. Yana ganinta ya jingina da zanen, ya durƙusa a haka.

"Sannu ɗan kasuwa," ta ce. "Bayan rigarka ya kwashi farin alli."

Ta wuce ciki. Tsohuwa ba a hana ta leƙa madafa, don haka ta leƙa, wai za ta taya ɓarar kifi. To su matan ƙauyensu a raga ɗaya suke bandar kifi, kowace da alamarta don kada kifi ya cakuɗe. Ta Hajo tsaga wutsiya biyu ne, a ɗaure da kaba. Ga su nan kuwa a kwando, sun yi layi kamar sun zo gaishe ta.

"Adila, wannan kifi mai kyau daga ina?"

"Malam ne ya sayo a Birniwa," in ji matar Zarami.

"Birniwa! Ikon Allah. Ashe har can hannuna ya kai."

Ta ci tuwonta sarai, ta suɗe hannu, ta sa wa jariri albarka, ta dawo gida. Washegari ta ce wa Bushira ta fito da takardun ainihi, ta je shagon intanet a Haɗeja ta cika abin da kowa ke cikawa, don gobe Juma'a ake rufewa. Yarinya ta ji tsoron uban, ta kira shi. Shi ne fa ake ta yi tun hantsi.

Yanzu Bushira na tsaye a tsakar gida da hijabi da jaka, ta kasa fita, ta kasa zama. Can bakin ruwa mai kwale-kwale ya fara kiran saura mutum ɗaya.

"E, yana yiwuwa," in ji Hajo a wayar. "Yana yiwuwa ya ci kifin ya kai takardun. Ban bi shi ba, ban gani ba. Amma wanda bai ji nauyin abin da aka ce na shugabansa ne ba, nauyin takardar marainiyar Allah zai ji?"

Ta saurara.

"Na san ba marainiya ba ce. Daga yadda kake magana ne na manta."

Bushira ta toshe baki da gefen hijabi. Hajo ta harare ta, ta nuna mata ƙofa da haɓa. Yarinyar ta yi taku biyu ta tsaya, ido a kan wayar.

"Zai ji haushi in ya ga sunanta a kwamfuta? Zai ce ba a yarda da shi ba? Uwarta za ta ji kunyar danginta?" Hajo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sassauta murya yadda take yi in za ta yanke magana. "To ji nan, Auta. In kawunta ya kai, sun ga sunanta sau biyu, kuma ban taɓa jin gidan da aka kori baƙo don ya yi sallama sau biyu ba. In kuwa bai kai ba, gobe da la'asar sai ka taso daga Legas ka zauna gabanta, ka faɗa mata da bakinka cewa kunyar surukinka ta fi karatunta. Ni ba zan faɗa mata a madadinka ba. Za ka zo, ko ta tafi?"