Inna Dela Ta Ce Da Sauƙi

Tun da aka kwantar da Inna Dela a wani asibiti a Umdurman ta Sudan, ɗanta Salih ya ajiye rakshansa, Keke Napep ɗin da yake haya da shi, a unguwar Hajj Yusuf, ya tare a gefen gadonta. Ciwon ciki ne ya kayar da ita. Larabcin Inna bai wuce na cefane ba, don haka shi ne tafinta.

Kullum likita ya zo zagaye sai ya tambayi jiki. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Da sauƙi." Salih ya juya wa likita da Larabci ya ce, "Ahsan, ya dakta." Ranar Laraba likita ya ce tunda ta samu sauƙi a sallame ta, ga masu jiran gado. Salih ya san irin murƙususun da take yi in ba kowa, amma bakinsa ya yi nauyi. Ai shi ya faɗa wa likita ta samu sauƙi.

Yana haɗa kwanuka sai ga wata mata ta shigo. Ta ce sunanta Dakta Hala, ba ta allura, ba ta tiyata, aikinta shi ne ta ga ba a tauye wa mara lafiya haƙƙinsa ba.

"Ya Salih, wani abu yana damuna. Tsofaffinku Hausawa kowa ahsan, mu sallame su, sai a dawo mana da su ranga-ranga. Ainihi me mahaifiyarka take cewa?"

Salih ya sosa ƙeya. "Wallahi dakta, ko rai na fita ka tambaye mu, amsar ke nan. Gaisuwa ce kawai."

"To bar tambayar jiki. Tambaye ta yaushe rabonta da abinci."

Ya tambaya. Inna ta harare shi. "Kai, ɗan nan, a gaban baƙuwa za ka tona ni?" Can sai ta ce, ƙasa-ƙasa, tun Juma'a ko shayi ba ya zama.

Dakta Hala ta kirawo likitan. Yana danna cikin, Inna ta saki salati. Nan take ya ce ba inda za ta je, gobe da safe tiyata. Dakta Hala kuma ta roƙe shi a sauya wa irin waɗannan tsofaffi tambaya, ya ce ya ji.

Salih ya jingina da bango, yana ta hamdala.

"Ka tsaya kana kallona," in ji Inna. "Kira yayarka Wafa'a ka faɗa mata, kada ta ji a bakin mutane."